Ranar da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, ana ce mata Auta. Babanta ya rasu bara. Ya bar wata tsohuwar kwamfuta a kan teburin falo. A ciki akwai hotunansa, da muryarsa yana koya wa 'ya'yansa karatu. Duk ranar da kewa ta dami Umma, sai ta kunna ta saurara.

Wata Asabar da hantsi, Umma ta tafi kasuwa. Auta ta kunna kwamfutar don ta yi wasan tseren mota. Sai rubutu ya fito cewa ana sabunta babbar manhaja, kada a kashe. Ta jira, ta jira, har ta gaji. Sai ta danne makunnin, fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Da ta sake kunnawa, babu wasa, babu hoto.

Umma ta dawo, ta gwada sau uku, kwamfuta ta ƙi tashi. Ta tambaya ko wa ya taɓa ta. Auta ta ce ita ba ta sani ba. Umma ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko ƙyalle ta rufe kwamfutar, ta zauna.

"Shi ke nan," in ji ta a hankali. "Muryar ma ta tafi."

Kwana uku Auta ba ta iya cin abinci sosai ba. Sau biyu ta ga Umma tana share hawaye a kicin.

Ranar Talata, bayan an tashi daga makaranta, Auta ta tsaya wajen malamar kwamfuta. Tana kuka ta faɗa mata komai.

Malama ta zaunar da ita. Ta ce babbar manhaja ita ce ke tafiyar da kwamfuta duka. Ita ke kunna fuska, ita ke karɓar abin da aka danna. Ita ta san inda aka ajiye kowane hoto da kowace murya. Wasanni ma sai da taimakonta suke aiki.

"Tana cikin gyaran kanta kika katse ta," in ji Malama. "Mai yiwuwa kayan babanki na nan. Mai ɗauko su ce ta samu matsala. Zan zo in duba, amma sai kin fara gaya wa Umma gaskiya."

Auta ta koma gida, ta durƙusa gaban Umma.

"Umma, ni ce na kashe ta. Kuma na yi miki ƙarya. Ki yafe mini."

Umma ta jawo ta jikinta, suka yi kuka tare.

Washegari Malama ta zo da kayan aikinta. Ta fara kwashe hotunan da muryoyin zuwa wata ma'ajiya. Sannan ta gyara babbar manhajar. Da la'asar fuskar ta haska. Komai yana nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Umma ta yi ta sa wa Malama albarka.

Auta ta koyi abu biyu. Idan kwamfuta ta ce a jira, a jira. Idan kuma mutum ya yi kuskure, ya faɗi gaskiya da wuri don a samu gyara.