Jakar Iska Ɗaya Tak

Sunana Afiniki. Shekara tara na yi ina aikin nas a ɗakin yara na wani ƙaramin asibiti a Kafanchan, kuma ni ba matsoraciya ba ce. Amma wani yammaci a 1994 ya karya ni.

Lokacin ƙyanda ne. Tukunyar oksijin ta ƙare tun azahar, direbanmu Silvanus ya tafi Jos neman wata. Ginikachi, 'yar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, shekararta biyu, ta kasa numfashi da kanta. Jakar roba ɗaya tak gare mu, wadda ake matsawa da hannu tana tura iska cikin huhu. Ka tsaya, yaro ya tafi. Na tura uwarta ta nemo likita, na zauna ina matsawa.

Awa uku. Yatsuna suka ƙage. Ana kiran sallar magariba, wuta ta ɗauke, sai ɗan hasken da ke shigowa ta taga.

Sai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, alhali ba a yi ruwa ba.

"Sista, kawo in karɓe ki," wata mata ta raɗa a bayana.

Haka muke yi, in hannu ya gaji a miƙa wa na kusa, ba a ɗauke ido daga ƙirjin yaro. Na miƙa. Allah ya sani, har godiya na yi mata.

Fuu. Fuu. Tana matsawa, amma ƙirjin ba ya tashi. Lotsawa yake yi. Zuƙe iskar take!

Na dubi hannun. Yatsun sun zagaye jakar sau biyu.

"Yesu!" Na fizge. Na matsa, na matsa. Ƙirjin ya tashi.

"To, riƙe taki," in ji ta.

Ba ta fita ba. Na ji takunta a hankali zuwa gadon bakin taga, inda jariri Misbahu ke barci. Da safe za mu sallame shi. Uwarsa Rabi'a alwala kawai ta fita yi.

Numfashinsa ya fara sarƙewa. Na kwarara ihu, ba wanda ya amsa. Taku huɗu ne tsakanina da shi. In na saki jakar, Ginikachi ta mutu.

Ban saki ba. Ina matsawa, ina kuka, ina jin sa har ya yi shiru.

Ginikachi ta rayu. Ni kuwa na bar aikin. Rabi'a tana sayar da citta a kasuwa, har yau in ta gan ni sai ta kama hannuna ta ce, "Sannu sista, ai kin yi iya ƙoƙarinki."