Tabarmar Kallon Taurari

Bayan magariba na hau saman bene in duba tankin ruwa, don famfo ya ƙi kawowa. Tun rasuwar matata haka nake: in abu ya lalace in gyara, in an ajiye abinci in ci. Ko hawaye ban yi ba. Mutane suna ta yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, cikin ne fayau.

Saman benen nan wurinta ne, ita da 'yarmu Auta. In an ɗauke wuta sai su shimfiɗa tabarma su kwanta rigingine, tana nuna mata zara, tana nuna mata tarin taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta. Gefe ɗaya ba mu ja masa katanga ba, saboda haka dokarta ɗaya ce, ba a kallon sama a tsaye. "Kwanta, sarkin rawar kai," haka take ce wa Auta, "kafin jiri ya kwashe min ke."

Ina taka matakalar ƙarshe na ji ƙamshin man gashinta. Kwalbar kuwa tana ƙasan akwati, ni na rufe da hannuna.

Auta tana tsaye, kai a sama. Hannunta a miƙe yake, gwiwar hannun a tallafe, kamar wani ya riƙe mata. Ba kowa kusa da ita.

"Ban gani ba, Mama," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ja baya kaɗan."

Muryar matata ce. Har da 'yar dishewar nan da mura ke bar mata.

Auta ta ja baya. Silifas ɗinta ya gurji siminti.

Wallahi ban ji tsoro ba. Tsayawa na yi da sifanar gyaran famfo a hannu, ina jira ta ƙara magana. Karen maƙwabta da ba ya rufe baki ya yi tsit. Tanki yana ɗiga, ɗis, ɗis.

"Ga kazar can. Ƙara ja baya."

Na ɗaga kai. Hadari ya rufe sama ruf, ko tauraro ɗaya babu.

Na duba ƙasa. Babu tabarma.

Matata ko a mafarki ba za ta bar yarinyar nan a tsaye ba.

Diddigen Auta ya kai bakin gefen da ba katanga.

"Saura kaɗan, 'yata."

Na yar da sifana na daka tsalle. Rigarta na cafko. Wani abu yana riƙe da hannunta, yana ja, sanyinsa har cikin ƙashina. Na ƙwala salati. Muka zube kan siminti ni da ita. Ƙamshin ya koma ƙaurin ƙonannen gashi.

"Baba, ka ɓata mana," in ji Auta. "Saura ƙiris in gani."

Washegari na kai ta gidan yayata, na sa wa ƙofar bene kwado. Auta tana can lafiya, har ta yi ƙiba, sai dai ba ta ƙara ɗaga kai sama ba.

Makullin yana aljihuna. Magini ya yi ta zarya zai ja katangar, ina ce masa ya dawo wani satin.

Jiya da magariba na hau duba tanki, ko da yake famfo lafiyarsa lau. Ban ɗauki tabarma ba.