Murfin Rami na Huɗu

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Litinin aka kira Sufeto Maharazu a waya, aka ce an tsinci gawa a wani rukunin gidajen gwamnati da ke Nassarawa GRA. Ya ajiye shayinsa ko rabi bai sha ba, ya ce wa Kofur Lawan ya tada mota.

Gida arba'in da biyu ne a rukunin. Suna da rijiyar burtsatse da tanki nasu na kansu, da magudanar bahaya ta ƙarƙashin ƙasa wadda ta haɗe gidajen duka. Shekara da shekaru wata ƙaramar hukumar gwamnati ce ke kula da su. A ranar ne da azahar za a sa hannu a miƙa ruwan da magudanar ga wani kamfani mai suna Kogin Fari.

'Yan kwana-kwana sun riga sun fito da gawar, sun kwantar a gindin darbejiya, sun rufe da tabarma. Maharazu ya ɗaga gefe. Dattijo ne, daga shi sai singileti da gajeren wando, da shuɗiyar igiya ɗaure a ƙugunsa. Sufeton ya ɗan tsaya ko zai ji wani abu a ransa. Shekara ashirin da uku yana ɗaga irin wannan tabarma. Bai ji komai ba sai wari.

"Yaya kuka same shi?"

"Banɗakunan layin baya ne suka fara ambaliya tun jiya, Yallaɓai," in ji shugaban 'yan kwana-kwanan. "Muka ɗaga murfin rami na huɗu, sai ga shi a ƙasan tsani."

"Murfin a rufe yake?"

"Ruf. Sai da muka sa ƙarfe, mu biyu."

Maharazu ya taka murfin da takalminsa, ko motsi bai yi ba. Wanda ke ciki ba zai iya janyo shi a kansa ba. Ya bi igiyar da hannu har ƙarshenta. Ba tsinkewa ta yi ba, yankan wuƙa ne.

Injiniya Zakari, wanda ya shekara goma sha shida yana shugabantar aikin ruwan rukunin, yana tsaye can gefe cikin farar shadda ta bikin sa hannu.

"Malam Inuwa ne," ya ce. "Shekara talatin da ɗaya yana gyara mana bututu. Allah Ya jiƙansa."

"Amin. Wa ya tura shi ciki?"

"Ba mu ba, Sufeto. Tun ranar Juma'a aka ba leburorinmu takardar sallama saboda za a miƙa aikin. Daga ranar ba ma'aikacinmu ba ne. Rabona da shi tun bayan sallar Juma'a. Ko ka tambayi mutanen kamfani."

Wakiliyar kamfanin, Hajiya Nabiha, tana cikin mota da gilashi a rufe saboda warin. Ta sauke shi kaɗan.

"Mu ba mu ɗauki kowa ba tukuna. Kafin a sa hannu, ko kan famfo ɗaya a nan ba namu ba ne. Mun dai zo ranar Asabar mun yi zagayen dubawa na ƙarshe."

"Kun ga wannan dattijon?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

Maharazu ya rubuta a littafinsa: gwamnati ta sallame shi Juma'a, kamfani bai ɗauke shi ba. Ya dubi layin, ya ja masa layi a ƙasa, ya rufe littafin.

Sule mai gadi ya rantse cewa Malam Inuwa bai shigo ba ranar Asabar. Yana cikin rantsuwar Kofur Lawan ya fito daga bayan ɗakin janareta yana turo tsohon keke. A bayan keken an ɗaure leda, ciki akwai riga a ninke, da hula, da takalmin roba, da ƙaramar waya.

"Wannan ta sama ya shigo?" in ji Maharazu.

Sule ya sunkuyar da kai. "Ya shigo, ranka ya daɗe. Wajen ƙarfe goma."

"Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Ni ma an ba ni takarda. Ina jiran in ga ko sababbin za su riƙe ni. Ba na son sunana ya shiga wata magana."

"Ka ga fitarsa?"

"Ban gani ba. Na ɗauka ta ƙaramar ƙofa ya bi."

A Hotoro, cikin wani gidan haya mai ɗaki biyu, matar marigayin, Larai, ta karɓe su a tsakar gida. Labari ya riga su zuwa. Ba kuka take ba. Tana zaune a kan tabarma, hannuwanta a kan cinya, mata na shiga suna fita.

Maharazu ya ce, "Baba, ki yi haƙuri, tambaya ɗaya ce. Ina ya ce miki za shi ranar Asabar?"

"Waya aka yi masa muna karin kumallo. Ya ce Injiniya ne. Wai wani rami ya toshe, ga baƙi za su zo dubawa. In ya buɗe kafin su iso, za a sa sunansa cikin waɗanda kamfani zai ɗauka."

"Da bai dawo ba fa?"

"Na sa aka kira mini Injiniya jiya da safe. Ya ce rabonsa da Malam tun Juma'a."

Lawan ya jona wayar marigayin a cajin mota. Kira na ƙarshe da aka amsa ya shigo ne ranar Asabar ƙarfe tara saura ashirin. Sunan da ke jiki: Oga Zakari.

Da suka koma GRA, Maharazu bai nemi Injiniya ba. Motar Hajiya Nabiha ya nufa.

"Hajiya, ƙarfe nawa kuka zo ranar Asabar?"

"Sha biyu muka yi da su. Amma shugabanmu yana sauri zai bi jirgi, sai muka zo sha ɗaya saura."

"Kun buɗe ramukan duka?"

"Ban da na huɗu. Motar Injiniya ce a kai, ya ce direba ya tafi da makulli. Ya ce lafiyarsa ƙalau."

"Kun ɗauki hotuna?"

Ta miƙo wayarta. A hoto na tara, jami'an kamfani sun jeru suna murmushi, Injiniya Zakari a tsakiya. A bayansu ga motarsa. Maharazu ya buɗa hoton da yatsu biyu. Daga ƙarƙashin motar wata shuɗiyar igiya ta fito, ta miƙe har jikin darbejiya inda aka ɗaure ta.

Hajiya Nabiha ta leƙo, ta gani, ta toshe baki da gyalenta.

"Injiniya yana da direba?" Maharazu ya tambayi Sule.

"Shi yake tuƙa kansa, ranka ya daɗe."

A ɗakin injin ruwa suka sami Injiniya Zakari, yana zaune a kan benci, injin na ta ruri. Maharazu ya ajiye wayar marigayin a gefensa, sannan ya nuna masa hoton. Zakari ya daɗe yana kallo.

"Minti goma na ce," ya faɗa a hankali.

"Fara daga farko."

"Ramin ya fi wata yana toshewa. Kamfani sun ce in komai ya tafi daidai za su bar ni a matsayin manaja. Ni ma takardar sallamar nan tana aljihuna, Sufeto. Shekarata hamsin da biyu. Na kira Malam Inuwa, don babu wanda ya san ramukan nan kamarsa. Muka ture murfin tare, ya ɗaura igiya ya sauka, ina tsaye a bakin ramin. Sai na hango motocinsu a bakin get. Da sun leƙa sun ga abin da ke ciki, an ɗaga sa hannun ke nan, a fara tambayoyi."

"Sai ka rufe."

"Da ƙafa na tura murfin. Na ce masa ya yi haƙuri, yanzu zan buɗe. Na kawo mota na ɗora a kai. Na zaci leƙawa kawai za su yi su wuce. Sai suka ce za su hau tanki. Daga nan ɗakin injin. Daga nan aka kawo lemo."

"Har yaushe?"

"Sha biyu da rabi suka tafi. Na janye motar, na kira sunansa. Shiru. Na ja igiyar, na ji nauyi, ba motsi." Ya dubi tafin hannunsa. "Na kasa buɗewa. Na yanke igiyar na jefa a bola, na tafi gida. Na yi sallah, na ci abinci. Wallahi na ci abinci."

Maharazu ya rubuta har da wannan. Ya yi wa Lawan alama, Lawan ya ciro ankwa. Zakari ya miƙa hannuwansa da kansa.

A waje Hajiya Nabiha ta tare su, ta ce an ɗaga sa hannun zuwa Alhamis, ko 'yan sanda za su gama da wurin kafin nan? Maharazu ya ce za su gama.

Suka sa shi a bayan mota. Sun kusa shataletale Zakari ya yi magana, ba tare da ya ɗago kai ba.

"Ya buga murfin, Sufeto. Ina tsaye ina yi musu bayanin tanki, na ji. Sau uku."

Lawan ya dubi maigidansa ta gefen ido. Maharazu yana kallon titi.

"Riƙe maganar sai mun je ofis," ya ce wa Zakari. "Ka maimaita a can, a rubuta."