Fensir a Gashin Sharlene

"Cire shi..."

Muryar Ouma ce, kakar Sharlene, amma tunda Sharlene ta zo duniya ba ta taɓa jin ta da irin wannan rawar ba.

"Na ce ki cire shi daga kanki!"

Kofin shayi ya suɓuce daga hannun tsohuwar ya tarwatse. Sharlene ta kai hannu kanta, ta ji abin da Radu ya soka mata cikin wasa tana murza fulawa. Fensirinsa na zane ne.

Radu, bawan Allah, murmushi ma yake yi. Wata huɗu ke nan da zuwansa Cape Town daga Romaniya da jakar goyo da littafin zane, ya haɗu da Sharlene, tafiya ta gagare shi. Yau Lahadi ya zo neman aurenta, har da aron kwat. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

"Kyau ya yi mata, Ouma, duba ko faɗuwa bai yi ba..."

Kawu Clive ya miƙe har kujera ta kife.

"Ko faɗuwa bai yi ba? A gidan uwata? Fita, kafin in karya ka!"

A bakin titi Sharlene ta cim ma Radu.

"Me na yi, masoyiyata? Don Allah me na yi?"

"Da shi aka raba mu, Radu. Zamanin wariyar launin fata, in ma'aikacin gwamnati ya rasa inda zai ajiye mutum, sai ya soka masa fensir a gashi. In ya zame, kai fari ne. In ya maƙale, kai ba fari ba ne, an gama da kai."

"Ouma...?"

"Ita da ƙanwarta Doreen, rana ɗaya, ofis ɗaya. Na Doreen ya faɗi."

Fuskarsa ta yi fari fat. Ya juya ya tafi.

Litinin shiru. Talata shiru. Ga jirgin da zai mayar da shi Romaniya ranar Alhamis.

Tsoro ya hana ta cin abinci. Ouma ce ta raine ta tun tana zanen goyo, ba za ta yi aure babu albarkarta ba ko za ta mutu. Shi kuma Radu, in ya hau jirgin nan, ta san ya tafi ke nan. Kawu Clive kuwa, da ba ya ganin wuta bai ƙara mata ice ba, sai cewa yake, "Baƙo raɓa ne, 'yata. Ya sami labarin da zai ba abokansa."

Laraba da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Radu ne, idanu jawur.

"Kwana biyu na yi a gidan tarihi, Ouma. Na ga takardun, na ga hotunan. Ki yafe min."

Ouma ba ta ce ya shigo ba.

"Takarda ka gani. Takarda ta gaya maka yadda nake yi in na hango Doreen a titi da farin mijinta? Juyawa nake in ƙura wa gilashin kanti ido, kamar mai son takalmi, har su wuce. In na gaishe ta, asirinta ya tonu, a raba ta da 'ya'yanta. Shekara ashirin da shida ina ganin ƙanwata ta cikin gilashi. A jarida na ga rasuwarta."

"Ouma..." Sharlene ta fashe da kuka.

"Yi min shiru! Kai, yaro. Na riga na ba farare yarinya ɗaya, ba su dawo min da ita ba. In ka tsallaka teku da wannan, ta wane gilashin zan gan ta?"

Sharlene ta san amsar nan ce rayuwarta.

Radu ya durƙusa a kan dokin ƙofa.

"Na soke tafiyar. Ban zo ɗauke ta ba, Ouma. Roƙo na zo yi a bar ni in shigo."

Tsohuwar ta kalle shi. Can ta matsa gefe.

"To tashi mana. Farin mutum a ƙofata da safiyar Allah, so kake maƙwabta su zata an zo kama mu? Goge ƙafarka ka shigo."