Jarkar Ruwan Tonka

A bakin iyakar Jibiya suka fara ganin juna, ranar kasuwa. Barira na zaune gindin bedi, wato dogon yaro, da tiren latas ɗinta, ganyen duk a gutsure. Wani saurayi ya taho daga wajen Maraɗi bisa mashin, da jarka ɗaure a baya. Jami'in da ke tsaron shingen ya ce sai ya ga abin da ke ciki.

Saurayin ya ce, "Ranka ya daɗe, duba dai, amma kar ka shinshina."

Ai kamar ya ce masa shinshina. Bawan Allah ya kai hanci, ya dinga atishawa har hularsa ta faɗi. Barira ta toshe baki da gyale, amma dariyar ta ƙwace mata. Da aka sallami saurayin, wurinta ya nufo, ya ɗaga ganye guda ya juya shi.

"Wanga aikin zomo ne. Tsutsa huda ganye take, shi zomo yanka yake."

"Ka san su ke nan."

"Ni da su mun daɗe muna shari'a. Sunana Lawwali."

Ta gaya masa zomaye sun kusa cinye lambun babanta a Riko. Ya tsuguna ya lissafa mata abin da ke cikin jarkar: tonka, wato barkono mai zafi, da tafarnuwa, da ganyen bedi, da ɗan sabulun salo don ruwan ya kama ganye. A jiƙa kwana uku, a tace, a yayyafa. Bayan kowane kwana uku a sake, don ban-ruwa yana wanke shi.

"Ba ya kashe ko ƙuda," in ji shi. "Kora kawai yake." Ya kwance jarkar ya ajiye mata, ya ce kuɗinta lambar waya.

Daga nan fa zance ya ƙullu. Shi yana kiran ta 'Yar Lambu, ita tana ce masa Mai Tonka. Zomaye suka ja baya, latas ya fara murmurewa, ita ma Barira haka. Kullum da hantsi saƙonsa ke shigowa:

"'Yar Lambu, na kori zomayen duniya, amma na kasa korar tunaninki. Kin karya kumallo?"

Sai dai mahaifinta, Malam Ɗantala, bai yi na'am ba. Da Lawwali ya zo gaisuwa, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba.

"Ɗan tsallake?" ya ce wa Barira bayan baƙon ya tafi. "Kin manta lokacin da aka rufe iyakar nan wata da watanni? In aka sake, ta ina zan ga ɗiyata? Ga Zubair nan mai shagon maganin ƙwari, ɗan gida, yana sonki."

Barira ba ta son Zubair ko kaɗan. Mutum ne mai yawan baki, ga warin maganin shagonsa ba ya barin rigarsa. Shi ne ya dinga zuga tsohon cewa ruwan barkono wasan yara ne.

Ana haka aiki ya sha kan Malam Ɗantala, aka yi mako ba a yi yayyafi ba. Zomaye kuwa ba su da kunya, suka dawo suka share fangali biyu. Tsohon ya fusata. Ya ce daga yau shi zai riƙa yayyafin da kansa, kuma kada Barira ta sake tsinkar ko ganye ɗaya sai ya ba ta izini. Ta yi mamaki, amma ta bi umarninsa.

Kwana biyu tsakani, da safe, aka tsinci awaki uku matattu a bakin shingen lambun, cikinsu a kumbure, bakinsu na kumfa. Na Jauro Ya'u ne, makiyayin da ya shekara arba'in yana maƙwabtaka da su.

Wanda bai zauna yankin nan ba ba zai gane abin da ya shiga zukatan mutane ba. A 'yan shekarun nan abu kaɗan ke tayar da gari. Kowa na tuna ƙauyen da saniya ɗaya ta jawo aka ƙone rumbuna. Kafin azahar mata sun fara ɗaure kaya, an kira yara daga rafi. Samarin ruga sun taru da sanduna, samarin gari ma haka. Zubair kuwa ya bi majalisa yana cewa kowa ya san wanda ya ƙetaro da jarka daga Nijar.

Barira ta ɗauko waya ta rubuta wa Lawwali:

"Mai Tonka, don Allah kar ka ƙetaro. An ce kai ka kawo guba. Sun taru da sanduna. Tsoro nake ji."

Amsa ta zo nan take:

"In ban zo ba, kan Baba abin zai faɗa, da garinku duka. Na san abin da na zuba a jarkata. Ki yi mani addu'a, ina tahe."

Bayan la'asar aka zauna ƙofar gidan mai unguwa. Aka ɗauko jarkar daga bukkar lambu aka ajiye a tsakiya. Barira na laɓe cikin zaure tare da mata. Lawwali ya sauka daga mashin shi kaɗai, ya ratsa tsakanin masu sanduna, ya durƙusa ya gai da manya.

"Jarkarka ce wannan?" in ji mai unguwa.

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Tonka ce da tafarnuwa da bedi. Uwata ta koya mani, kuma ba ta taɓa kashe ko kaza ba."

Wani daga cikin samarin ya ce, "To ka sha mu gani."

"Zan sha."

Ya kwance murfin. Iska ta kwaso warin ta kawo har zaure, Barira ta shaƙa. Wannan ba warin tonka kaɗai ba ne. Warin rigar Zubair ne. Nan take ta gane abin da ya sa Baba ya hana ta tsinkar latas. In ta yi magana ta tona mahaifinta gaban masu sanduna, in ta yi shiru Lawwali ya mutu tana kallo.

Lawwali ya yi bisimilla, ya ɗaga jarkar da hannu biyu.

Malam Ɗantala, da ciwon gwiwarsa da komai, ya zabura ya kai wa jarkar duka. Ta faɗi, ruwan ya malale a ƙasa.

"Ni ne," ya ce. "Zubair ya ba ni wata kwalba, ya ce in ƙara wa ruwan ƙarfi. Ni na juye ta a ciki. Yaron nan bai san komai ba. Ya'u, ga ni, ka yi yadda ka ga dama da ni."

Sanduna suka motsa. Jauro Ya'u ya ɗaga hannu, ya dubi tsohon maƙwabcinsa.

"Ɗantala, da ka bari yaron nan ya sha, da ni da kai mun rabu har lahira. Akuya kuwa, wata na haihuwar wata." Ya juya ga samarinsa. "Ku aje itacen nan, ku tafi ku shayar da shanu."

Da aka waiga neman Zubair, sai sawun takalminsa. Barira kuwa a zauren ta zube, tana kuka tana hamdala.

Washegari Malam Ɗantala ya ja awakinsa uku da kansa ya kai ruga. Lawwali ya tumɓuke latas ɗin nan kaf ya binne a rami mai zurfi, ya yi sabbin fangula nesa da wurin, ya kawo sabuwar jarka. Mako uku yana ƙetarowa kullum, bai taɓa tayar da maganar aure ba. Ranar da sabon ganye ya rufe ƙasa, tsohon ya same shi yana yayyafi.

"Lawwali, turo magabatanka."

"Baba, maganar iyaka fa?"

"Wanda ya ƙetaro ta ana jiransa da sanduna, rufe ta ba zai hana shi kawo mani ɗiyata ba."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar Salla. Jauro Ya'u ne ya tsaya waliyyin amarya, matan ruga suka cika gida da ƙoren nono. Da za a fita da Barira, ta tarar da mahaifinta gaban turmi yana dakan tonka da kansa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, kuka kake?"

"Tonka ce, ɗiyata," ya ce, yana share ido da hannun riga. "Je ki, Allah ya yi maku albarka, ya kore maku duk abin ƙi ba tare da an rasa rai ba."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa, motar amarya ta kama hanyar Maraɗi.