Notin da Ya Ƙi Kwancewa

Da Yusha'u bakanike ya dawo garejinsa na Kurmin Mashi daga sallar Juma'a, sai ya tarar an cire altaneta, abin da ke caja batir, daga akori-kurar Hajiya Turai. Kafin la'asar yana bayan kanta, domin Hajiya ta ce a hannunsa ta bar motar.

Sai ranar Litinin aka miƙa binciken ga Sajan Ishaku, mutumin da ba ya gaggawa. Ya leƙa injin ya daɗe. Ga fambel an rataye shi tsaf a jikin madubi, ba a yanka ba. Ga fule, ɗan wilin da ke ɗame fambel ɗin, an kwance, notinsa a ajiye kan batir.

"Ranka ya daɗe, kwana biyu ina fama da notin nan," in ji Yusha'u da Sajan ya same shi da notin a ofishin 'yan sanda, ya nuna tafin hannunsa duk kanta. "Na zuba kananzir, na sa wa sifana bututu, ko motsi. Da zan iya kwance shi ai da na gama aikin."

"Wa ke wurin lokacin?"

"Audi mai faci, maƙwabcina. Sai Maliki direban Hajiya, yana tsaye a kaina yana cin gyaɗa."

Sajan ya juya notin a hannunsa, ya dubi zarensa, ya sa a aljihu.

A gareji ya fara kiran Audi shi kaɗai. "Malam Audi, taimaka ka mayar min da wannan." Audi ya yi ta murzawa dama, noti ya ƙi kamawa. "Ni taya na sani, Sajan." Aka sallame shi.

Maliki ya iso yana karkaɗa makulli. Sajan ya miƙa masa notin, yana tambayarsa lafiyar Hajiya. Maliki na amsawa, yatsunsa suka murza hagu, noti ya shige sumul.

"Wa ya gaya maka hagu yake ɗauruwa?"

Maliki ya janye hannunsa daga notin.

"Zaren notin nan a juye yake," in ji Sajan a hankali. "Duk ƙarfin da Yusha'u ya sa don ya kwance, ƙara ɗaurewa yake yi, kana kallo. Ɓarawon titi yanka fambel zai yi ya gudu. Wanda ya rataye shi ya san shi zai ci gaba da tuƙa motar."

An samo altanetar a ƙarƙashin gadon Maliki a Rafin Guza. Bai ma sayar ba. Laifin Yusha'u kawai, ya taɓa gaya wa Hajiya ya ga Maliki yana dakon itace da motar ranar Lahadi ba da saninta ba.

Sajan da kansa ya rako Yusha'u gareji. Motoci huɗun da ya bari duk masu su sun janye, sai shatin baƙin mai a ƙasa. Hajiya ma ta aiko an ja tata.

"Zan bi su in gaya musu ba kai ba ne," in ji Sajan.

Yusha'u ya tsuguna yana tsince sifanunsa daga cikin ƙasa.

"Za su yarda, ranka ya daɗe. Sai su ce ba ɓarawo ba ne, bakanike ne da noti ɗaya ya gagara."