Zafin Da Ya Ƙi Motsi

Da hantsin Litinin aka kira 'yan sanda daga wani kamfanin ajiyar bayanai. An zare faifai daga cikin sabar, ɗaya daga manyan kwamfutocin da ke riƙe da sirrin abokan hulɗarsu.

Sufeto ya zo da kofur ɗinsa, ya tarar an gama shari'a kafin ya iso. Manaja ya nuna wata mata da ke zaune a kusurwa, jakarta a zazzage bisa tebur.

"Ga ta nan, ranka ya daɗe. Ita ce mai lura da allo. Manhajar sa ido ta yi kururuwa da safen nan, ita kaɗai ce a ɗakin."

"An sami faifan a jikinta?"

"Za ta fito da shi in ta ga ɗakin tsaro."

Sufeto ya san irin waɗannan shugabanni. Ba ɓarawo suke nema ba, wanda ba shi da kowa suke nema.

Ya shiga ɗakin sabar da matar. Sanyi kamar mutuware, fankoki na gurnani.

"Malama, me kika gani?"

"Yallaɓai, sabar ta mutu da kanta, ta sake tashi. Sai ƙara. Wallahi ko kusa da ita ban je ba."

Ya sa ta buɗe allon. Layin da ke nuna zafin kowace na'ura yana hawa yana sauka. Na wadda aka yi wa sata kuwa, tun yammacin Juma'a a miƙe yake kamar zaren magini.

"Injin da ke aiki, zafinsa na tsayawa cak?"

"Ba ya tsayawa."

Babban injiniyan kamfanin ya iso daga baya, kwamfutarsa a hammata, yana ƙanshin turare.

"Ina gida aka yi abin," in ji shi, ba wanda ya tambaye shi. "Manhajarmu kuma ba ta taɓa runtsawa ba."

"Ashe dai sayayya ce mai kyau. Ni na ɗauka kowane jaki zai iya kafa ta," in ji Sufeto.

Injiniya ya ɗaga haɓa. "Jaki? Sufeto, sai ka san babbar manhajar da ke tafiyar da sabar. In tsohuwa ce, manhajar sa ido tana ganin komai. In ta tsakiya ce, tana ganin zafi, ba ta ganin faifai. In sabuwa fil ce, ba sa jituwa sam. Sai ta daskare a kan abin da ta gani na ƙarshe, tana nuna lafiya lau. Ni kaɗai na san wannan a gidan nan."

"Wa ke da ikon sauya ta?"

Injiniya ya gyara riƙon kwamfutarsa.

"Bari in taya ka," Sufeto ya ce. "Ran Juma'a ka ɗora sabuwa, mai sa ido ta makance, ka zare faifan. Da safen nan, daga gida, ka mayar da tsohuwa. Ta farka ta ga gurbi, ta yi ihu a kan baiwar Allah nan. Kofur, karɓi kwamfutarsa mu ga inda ta shiga yau."

Injiniya ya ƙanƙame ta a ƙirji, sannan ya saki.

"Faifan yana cikin motata," ya ce a hankali. "Wani kamfani ya yi mini alkawarin kujera. Na tsufa a ɗakin sanyin nan, aka ɗauko ɗan 'yar'uwar Manaja za a ɗora mini."

"Shi ya sa ka rama a kan wadda ba ta da kawu."

Kofur ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba.

Manaja ya yi gyaran murya, ya dubi matar. "To, sai ki koma bakin aiki, allon ba kowa."

Ta tattara kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta rataya jakar.

"Zauna ka kalle shi da kanka, ranka ya daɗe," ta ce. "Yana nuna lafiya lau."